Sabuwar kyamara ta iso, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne ya aiko min da Canon EOS 2000D da gilashinta (lens) na 18-55, don in riƙa ɗaukar atamfa da leshin da nake sayarwa, ga kuma bikin ƙanwata ya ƙarato. Na sa batir na kunna, amma in na leƙa ta ƙaramar tagar komai dishi-dishi nake gani. Jiya na ɗauki hotuna, yau na duba babu ko ɗaya. Ko dai mai matsala aka sayo?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Hajiya. Lafiyarta ƙalau. Akwai kati a ciki kuwa? Wannan kyamarar ba ta da ma'ajiya ta kanta, kuma tana yarda ta yi ƙyas ko babu kati, ta nuna miki hoton na ɗan lokaci, shi ke nan ya tafi. Ki nemi katin SD mai lamba 10 a cikin da'ira, 32GB ya isa, a shagon da kika yarda da shi don jabu sun yi yawa. Ki yi masa fomat a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba. Sannan ki shiga menu ki kashe Release shutter without card, wato saitin da ke barin ta ta yi ƙyas babu kati.

Wani mai hoton biki: Dishi-dishin nan kuma, akwai ɗan ƙaramin abin murzawa a gefen tagar. Ki murza a hankali har alamomin da ke ciki su fito tar, idonki ake daidaita wa. Ki duba jikin gilashin, maɓallin ya kasance a AF, wato kyamarar ta saita hoton ya fito tar da kanta. In yana MF, ke za ki riƙa saita shi da hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙura. Wannan samfurin ba ya kakkaɓe sensarsa (abin da ke ɗaukar hoton a ciki) da kansa kamar manyan, ga hunturu na tafe. Tunda gilashi ɗaya gare ki, ki bar shi a ɗaure. In yara suka matsa sai sun ga ciki, ki hana. Kada ki hura da baki, kada ki goge da bakin mayafi.

Mai tambaya: Wallahi babu kati, Malam! Na gode. Wajen saita lokaci kuma ban ga Legas ba.

Wata 'yar uwa: Zaɓi Paris, agogonmu ɗaya da su in kin kashe ƙarin awa na bazara. Don bidiyon biki ki sa Video system a PAL, saboda wutarmu 50Hz ce, in ba haka ba sai ki ga hoton yana ƙyaftawa a ƙarƙashin fitila. Batirin kyamarar, LP-E10, kan cika cikin kamar awa 2, ki sayi na biyu kafin ranar kamu.

Mai hoton biki: Ni dai ban goyi bayan ki fara koyo a kan amarya ba, Hajiya. Ki fara da atamfa a inuwa kusa da taga, ki murza abin murzawa na saman kyamarar zuwa alamar kashe filasha, don launin ya fito yadda yake. Biki kuwa a ɗauko mai hoto, ke ki riƙa ɗauka a gefe.

Mai tambaya: To Malam, na ji. Gobe in sha Allahu zan sayo katin, in turo muku hoton farko ku gani.