Lissafin tankin ruwa na JSS 3: ina yaron nan ya kauce?

Maman Husna:
Assalamu alaikum. Don Allah masu lissafi ku duba min. An ba ɗana aikin gida: tanki mai siffar gwangwani, faɗin bakinsa mita 1.4, tsayinsa mita 2, famfo na zuba masa lita 20 a minti ɗaya. Minti nawa zai cika? Ya samu 616, malaminsu ya ja masa jan biro kawai, ko uffan bai ce ba. Ni kuwa rabona da lissafi tun sakandare, ga BECE, jarrabawar kammala JSS 3, ta ƙarato.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron ya iya hanyar, lamba ɗaya ce ta kayar da shi. Wannan 1.4 daga gefe zuwa gefe ne, alhali daga tsakiya zuwa gefe ake so, wato 0.7.

0.7 sau 0.7 ya ba da 0.49. Sau 22/7, lambar da ake amfani da ita wajen lissafin da'ira (pi), 1.54, girman gindin tankin ke nan. Sau tsayi 2, kubik mita 3.08. Kowace kubik mita lita 1,000 ce, don haka lita 3,080. A raba da 20, minti 154.

Ki lura, 616 ninki huɗu ne na 154, ba ninki biyu ba, tunda lambar sau kanta ake yi. Da na ga 616 na san 1.4 ya sa.

Ɗan Famfo:
Malam ya gama magana. Amma Hajiya, ki koya masa ƙiyasi kafin ya taɓa biro. 22/7 kusan 3 ne, 0.49 kusan rabi. Uku sau rabi sau biyu, uku. Lita 3,000 da 'yan kai, shi ke nan. Amsarsa fa tana nufin lita 12,320, jarka mai lita 25 kusan 500! Tankin da kaɗan ya fi babansa tsayi, ina zai kai wannan ruwa? Mu a wajen aiki da ka muke fara aunawa, in ba haka ba mai gida ya sayi abin da ya fi ƙarfin rufinsa.

Anti Bilki:
Saura tarko ɗaya. In an ce a ba da amsa da awa, aka raba 154 da 60, kalkuleta za ta nuna kusan 2.57, yara su rubuta awa 2 da minti 57. A'a. Awa 2 minti 120 ne; cire 120 daga 154, awa 2 da minti 34.

Maman Husna:
Allah ya saka da alheri. Malam, in tankin da ruwa rabi tun farko, 77 ke nan ko?

Malamin Lissafi:
Haka ne, Hajiya. Amma bar shi ya nemo da kansa.