"Gani ya kori ji": ko a kufan Burmi ma haka ne?

Ɗan Funakaye:
Assalamu alaikum. Wani malamin firamare na garinmu yana roƙon iyaye su bari ya kai yara Burmi, kusa da Bajoga, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ran 27 ga Yulin 1903. Hujjarsa ita ce "gani ya kori ji". Ni dai ina ganin ba muhallinta ba ne. Wanda ya je Burmi yau me zai gani? Fili da gonaki, sai kabarin Sarki da na Manjo Marsh, Baturen da shi ma ya mutu a yaƙin. In ba a ba ka labari ba, sai ka wuce ba ka san ƙasar da ka taka ba. To wane ji aka kora?

Baba Mai Carbi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai sai an ji kafin a gani. Ana faɗinta ne idan an daɗe ana ba ka labarin abu, ranka yana ɗar-ɗar, sannan idonka ya tabbatar. Shakka take kora, labarin yana nan. Yaron da aka ce masa Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarki ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara ya yi gabas da jama'a, a kunnensa duk tatsuniya ce. Ka tsayar da shi gaban kabarin ka ce nan tafiyar ta ƙare, ba zai sake mantawa ba. Malaminku ya yi daidai.

'Yar Sakkwato:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma Burmi ta ci sa'a tunda akwai kabarin da ya riƙe wurin. Satiru fa? A 1906 aka baje garin bayan mutanensa sun yi wa Turawa tawaye, ba a sake zama a cikinsa ba, ga shi kuma ba nisa da Sakkwato. Tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu sun ƙare. Abin yana ci mini rai. Inda ba a kafa alama ba, gani ba ya korar komai, ji ɗin ne ma ke mutuwa.

Almajirin Zaure:
Ni tsorona daban ne. An hana gini a kan kabari, kuma mun san yadda ziyara ke komawa neman tabarruki. Ga kuma wata maganar: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Baba Mai Carbi:
Malam, waccan ana faɗa wa wanda ya tsiyace ne yake ta ambaton arzikin da, ba mai neman sanin asalinsa ba. Batun gini kuwa gaskiyarka. Amma Manzon Allah (SAW) ya aza dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un don a gane wurin. Alama daban, ƙubba daban. Allo a bakin hanya mai ɗauke da suna da shekara bai kai gini ba.

Baƙo daga Mai Wurno:
Ina gaishe ku daga Sudan. Garinmu yana bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kuma sunan ɗan Sarki Attahiru ya ci, Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya ci gaba da hijira da waɗanda suka tsira daga Burmi. Mu ji kawai muka gada. Kakata takan ambaci Burmi tana share hawaye da gefen mayafi, alhali ba ta taɓa ganinta ba. Ran da aka turo mana hoton kabarin a waya, sai da gidan ya yi tsit. Don Allah ku da kuke kusa, kada ku bari a nome wurin.

Ɗan Funakaye:
Har yanzu ina ganin kai yara su kaɗai bai isa ba, sai an tafi da dattijon da zai yi musu bayani. Zan kuma shaida wa malamin mu nemi hakimi a kafa allo a mararrabar hanya, da Hausa da Fulatanci, boko da ajami, don manomin da gonarsa ke maƙwabtaka da wurin ma ya iya karantawa.