Neman Hausar "distress signal" kafin gobe da azahar

Mai Shirin Tarihi: Assalamu alaikum malamai. Gobe da azahar zan naɗi shiri kan yadda masu zane suka nuna nutsewar jirgin Titanic, daren 14 wayewar 15 ga Afrilun 1912. Zane biyu zan kwatanta wa masu sauraro. Akwai na Willy Stöwer, Bajamushen da ya zana jirgin ya tsunduma kai ƙasa, bayansa a sama. Sai na Max Beckmann da ke gidan adana zane-zane na Saint Louis a Amurka, wanda ya tura jirgin can nesa, ya cika gaban zanen da ƙananan jiragen ceto da mutane tsamo-tsamo cikin ruwa. Dutsen ƙanƙara ba matsala. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne "distress signal". Iri biyu jirgin ya aika: saƙon wayar iska, CQD sannan SOS, da kuma rokokin da aka yi ta harbawa sama. Suna ɗaya nake so ya ɗauke su duka.

Uwar Biyu: Alamar neman agaji. Me ya rage?

Tsohon Ɗan Jarida: Ta yi tsawo a baki, kuma "agaji" yanzu kunnen mai sauraro buhun shinkafa da barguna yake kai shi. Ɗauki ake kai wa wanda ruwa ke ci. Kiran ɗauki.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kuwwa muke cewa. In ɓarayi sun faɗa wa gari kuwwa ake yi, maƙwabta su fito. Kuwwar neman ɗauki, ta zauna daram.

Sarkin Ƙirƙira: Duk kun kewaye. Roka haske ce, saƙon waya kuwa kururuwa ce. A haɗa su: HASKURURUWA. Na ba ku kyauta.

Uwar Biyu: Malam, faɗe ta sau uku da sauri mu ji.

Sarkin Ƙirƙira: Hajiya, ai ranar da aka fara cewa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma dariya aka yi. Haskururuwa tana da jinsi, mace ce, jam'inta haskururuwoyi. Sai yaushe za mu daina rataya kalmomi uku-uku muna kiran su fassara?

Malamin Nahawu: Kuma ga shi yau kwamfuta kowa ke cewa. Ni damuwata "roka". Don me za mu ara? Ga tartsatsi, ga wuta. Harshen da ke ara kullum bara yake yi.

Tsohon Ɗan Jarida: Allah ya gafarta malam, "nahawu" da ke cikin sunanka daga ina ya zo? Da "alama"? Da "harafi"?

Malamin Nahawu: Na Larabci sun kwana sun tashi a gidan nan shekara ɗaruruwa. Kada ka haɗa su da baƙon jiya.

Ɗan Maraɗi: Ni dai na lura ba wanda ya tanka wa kuwwa. Da daga Kano ta hito da tuni an ce daidaitacciya ce.

Bakano Na Asali: To fa, an taɓo mu. Wa ya hana ku kuwwa? Mu ihu muka sani. Ga ma wadda ta fi dacewa da labarin: ihunka banza.

Mai Shirin Tarihi: Yaya, mutum wajen 1,500 ne suka rasu. Ba zan yi musu shaguɓe a rediyo ba. Don Allah a dawo kan hanya, lokaci na tafiya.

Tsohon Ɗan Jarida: Ɗana, bari in faɗa maka abin da ya sa nake ganin suna ɗaya zai ɓata maka labari. Saƙon wayar iska an amsa shi: Carpathia, wani jirgin ruwa, ta ji, ta juyo daga nisan mil 58, ta iso wajen ƙarfe huɗu na asuba, bayan jirgin ya nutse da ƙarfe 2:20, ta kwashi mutum ɗari bakwai da 'yan kai. Wanda ba a amsa ba rokokin ne. Californian, wani jirgin daban, na kusa, tsaye cikin ƙanƙara, mai kula da wayarta ya kashe na'ura ya kwanta. Amma waɗanda ke gadi a samanta sun ga fararen rokoki, har sun ƙirga takwas. Da aka gaya wa kyaftin Stanley Lord, sai ya tambaya ko irin wutar nan ce da jiragen kamfani ɗaya ke gane juna da ita cikin dare. Ka gani? Sun ga wuta, ba su karanta ta a matsayin kira ba. In tun farko ka ce sun ga "wutar neman ɗauki", mai sauraro zai ɗauka sunanta a rubuce yake a jikinta.

Uwar Biyu: Wannan magana ce. Ka ce sun ga farar wuta tana tashi tana fashewa, daga baya ka faɗi mece ce.

Sarkin Ƙirƙira: Wato sun ga haskururuwa.

Malamin Nahawu: "Wuta" na yarda. SOS kuma kada ka ce gajarta wata jimla ce, ɗigo uku ne, ja uku, ɗigo uku, don sauƙin bugawa. A bar ta yadda take, tunda ba kalmar kowa ba ce.

Mai Shirin Tarihi: Na gode. Ga abin da na rubuta: kiran neman ɗauki ga abin gaba ɗaya, farar wuta a wurin da 'yan Californian ke kallo. Roka zan faɗa sau ɗaya, Malam ya yi haƙuri. Kuwwa kuma na sa ta inda nake kwatanta mutanen Beckmann da ke cikin ruwa.

Ɗan Maraɗi: An ba mu gefen tabarma. To, mun karɓa.

Sarkin Ƙirƙira: Ku dai ajiye ranar yau. Ni a darasina na Litinin da ita zan koyar.

Bakano Na Asali: Tunda an taru, "lifeboat" fa? Na ji ya ce ƙananan jiragen ceto, ni kwale-kwale na sani.