Shawarwari ga mai son nazarin jaridun mata masu neman 'yancin jefa ƙuri'a a Ingila

An yi muhawara kan yadda za a nazarci waɗannan jaridu. Ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya ce a fara da jaridun matan kansu. Votes for Women ta fito a 1907, The Common Cause a 1909, The Suffragette kuma a 1912.

2. Abin da ya fi taɓa ni, masu tallar Votes for Women kan sauka su tsaya a bakin kwata, jarida a hannu, don kada 'yan sanda su kama su da laifin tare hanyar masu tafiya a ƙafa.

3. Inda aka rabu: wasu sun ce fasa tagogi da yajin cin abinci na ƙungiyar Emmeline Pankhurst ne suka girgiza gwamnati. Wasu sun ce haƙurin ɓangaren Millicent Fawcett, mai bin hanyar lumana, ne ya yi aikin. Ni dai ina ganin a karanta jaridun ɓangarorin biyu duka.

4. A kula da shekaru. Dokar 1918 da ta ba mata 'yancin jefa ƙuri'a ta tsaya kan 'yan shekara 30 zuwa sama, da sharaɗin dukiya. Sai a 1928 aka daidaita su da maza.