Wa ya fi a golf a 2025, McIlroy ko Scheffler?

Alhaji Kabiru: Jama'a, ni dai na tsaya a kan maganata. Shekarar 2025 ta McIlroy ce, ko da jadawalin duniya ya ajiye Scottie Scheffler a sama. Mutum ya yi shekara kusan goma sha ɗaya bai ɗauki babbar gasa ba tun 2014, sai ga shi a Afrilu ya doke Justin Rose a ramin raba gardama a gasar Masters a Augusta, Amurka, ya sa koriyar kwat da ake ba zakaran gasar. Da wannan ya haɗa manyan gasa huɗu duka: Masters, PGA Championship, US Open da Open. Mutum biyar kacal suka riga shi: Sarazen, Hogan, Player, Nicklaus da Tiger Woods.

Nura: Alhaji, da girman kujerarka, wannan tarihin rayuwa ka kawo mana, ba lissafin shekara ba. A 2025 ɗin Scheffler ya ci manyan gasa biyu. PGA da tazarar bugu 5, sannan Open da tazarar 4. Kuma a ina? Royal Portrush, Ireland ta Arewa, a ƙasar su McIlroy, gaban mutanensa.

Alhaji Kabiru: Ƙanena, ba duk kofi ne nauyinsa ɗaya ba.

Nura: To a ƙirga mana. Gasa 6 Scheffler ya ci a PGA Tour, babban jerin gasannin golf na Amurka, a shekarar, bayan 7 na 2024 da zinaren Olympics a Paris. Wanda ke gamawa cikin goman farko kusan duk inda ya je, shi ne na ɗaya. Jadawalin nan sakamakon shekara biyu yake dubawa, ba ya duba wanda ya sa mutane hawaye.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in shigo. Malam Nura, jadawalin da kake jingina da shi yana da tasa matsalar. Tun da LIV, sabon jerin gasannin golf na Saudiyya, ta fara a 2022, 'yan wasanta suka yi shekaru ba su samun maki a gasarsu. Jon Rahm ya koma can a ƙarshen 2023, ya yi ta gangarowa ƙasa, ba don hannunsa ya mutu ba. DeChambeau ma daga can ya zo ya ƙwace US Open ta 2024 a hannun McIlroy da bugu ɗaya.

Nura: Gaskiya ne Hajiya, amma ai Rahm da DeChambeau duk suna filin PGA da Open ɗin da Scheffler ya lashe. Ba a ɓoye ya ci ba.

Alhaji Kabiru: To Ryder Cup fa, karawar tawagar Turai ta su McIlroy da ta Amurka ta su Scheffler? A Bethpage, New York, Turai ta ci 15 da 13, 'yan kallo suna ta zagin McIlroy. Naka ya sha kaye a wasanninsa huɗu na farko.

Nura: Alhaji ka ƙarasa mana labarin. Ranar Lahadi da aka haɗa su gaba da gaba, wa ya yi nasara?

Hajiya Rabi: Scheffler, da rami ɗaya. Alhaji, nan kam an kama ka.

Alhaji Kabiru: Rami ɗaya, kuma kofin ya bi McIlroy gida. Shi Scheffler ya fara cin US Open tukuna, ita ta rage masa cikin manyan huɗun zuwa ƙarshen 2025, sannan mu sake zama.