Ƙululun ƙarƙashin fata: epidamoid ne ko damoid?

Ma'aikaciyar jinya, Gombe: Assalamu alaikum. Ana yawan kawo mana masu ƙululu a wuya ko gadon baya bayan wanzami ya tsaga, ya sake dawowa. Don Allah masu gani kullum ku faɗi yadda kuke bambance epidamoid da damoid.

Likitan tiyata, Bauchi: Wa alaikumus salam, Sista. Epidamoid jaka ce da ƙwayoyin saman fata ke yi idan sun maƙale a ƙarƙashi, ko dai kafar gashi ta toshe, ko rauni ko hudar kunne ta tura su ciki. Suna ci gaba da zubar da keratin, shi ne farin abin nan mai wari kamar murjajjiyar awara. Ba mugunya ba ce. Ki taɓa, za ki ji yana motsi tare da fata, ba zafi, sau da yawa da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Fuska, wuya, baya da fatar marena ya fi so, daga girman wake har santimita 5. Wanzami abin ciki yake matsewa ya bar jakar, shi ya sa yake sake cika.

Likitar yara, Gombe: Damoid kuwa da shi ake haihuwar yaro. Fata ce ta maƙale tun yana cikin mahaifa, a inda sassan fuska ke haɗewa, don haka har gashi da maiƙo ake samu a jakar. An fi ganinsa a wutsiyar gira, ba shi da ɗigo, wani lokaci yana manne da ƙashi. Wanda ke kan karan hanci kada a sa masa aska sai an yi hoton CT ko MRI, domin yana iya samun hanya har cikin ƙoƙon kai.

Likitan mata, Azare: Akwai kuma damoid na ma'ajiyar ƙwan mace, har haƙori akan samu. Sikanin ke nuna shi. Idan ya murɗe, ciwon mara ne mai tsanani farat ɗaya, da amai, sai tiyatar gaggawa.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe: To Likita, ƙululun fata da ya zo a kumbure, ya yi ja fa?

Likitan tiyata, Bauchi: Galibi jakar ce ta fashe ta ciki, yawanci saboda matsa. A lokacin ba ta fita salin alin. Idan ya tara mugunya a buɗe a zubar, a jira kamar mako 6 ya lafa, sannan a kashe wurin da allura a cire jakar gaba ɗaya, a aika ɗakin gwaji.