"A kashe wuta!" To, wace wutar?

1/ Jama'a ku taya ni. Ina rubuta wa wasu ƙannenmu masu neman aikin jirgin ruwa bayanin abin da ake yi in an ji alamar gobarar lantarki, sai kalmar "isolate" ta tsaya mini a wuya. Bayan an buga ƙararrawa an sanar da ɗakin tuƙi, abin da ake so shi ne a raba layin da ke ƙonewa da lantarkinsa. Me za mu kira wannan?

2/ Da farko na rubuta "a kashe wuta", sai na goge. Mu ai ta murhu wuta, ta NEPA ma wuta. A ce warin ƙonewar roba ya cika ɗaki, hayaƙi na fitowa ta ƙasan murfin akwatin lantarki, wani ya ƙwala ihu a kashe wuta. Ɗaya zai ruga wajen makunni, ɗaya ya jawo mesa. Ruwan mesar nan na teku ne, mai gishiri, lantarki kuwa bin sa yake yi, ga shi manyan jirage da yawa da volt 440 suke aiki. Mai mesa ne zai fara faɗuwa.

3/ Wani ya ce "a ɗauke wuta". Ban yarda ba. In aka ɗauke wuta a gida, unguwa ce gaba ɗaya ke shiga duhu. Jirgi kuwa in lantarkinsa duka ya tafi, injin na iya tsayawa, famfunan ruwa su mutu, tuƙi ya gagara. Ku tuna jirgin Dali a Baltimore ta Amurka, Maris 2024: ba gobara ba ce, lantarki ne ya ɗauke masa, ya je ya daki gada ta rufta, mutum 6 suka rasu. Layin da ke ci kaɗai ake so a taɓa.

4/ "Yanke wuta" kuma aikin masu bin bashin kuɗin wuta ne, tsani da filaya. Kada yaro ya ji haka ya nufi waya da almakashi.

5/ "Killace" ta yi kusa, tun zamanin korona kowa ya san ta. Amma da na faɗe ta da ƙarfi sai na ji kamar majinyaci za a kai wani ɗaki.

6/ Wani tsohon mai gyaran wuta ne ya raba gardamar. Ya ce yadda ake datse ruwa a fadama ya daina zuwa gonar wane amma yana zuwa ta wane, haka ake yi wa lantarki. DATSE LAYI ke nan. Har ma ta ba mu kyauta: bireka, wato makunnin da ke katse lantarkin layi, sai mu ce MADATSI.

7/ Ga yadda jimlar ta zauna: "A datse layin, a kulle madatsi a rataya masa alama kada wani ya mayar, a rufe kafofin iska, sannan a fesa tukunyar kashe gobara mai iskar CO2, ban da ruwa." In ɗakin ƙuntatacce ne a fice bayan feshi, don iskar nan tana shaƙe mutum kamar yadda take shaƙe wuta.

8/ Ita wadda ke ci kuma "gobara" na rubuta ko'ina, ban bar "wuta" ko sau ɗaya a cikin umarnin ba. 'Yan Nijar da 'yan Gana, in "datse" ta yi muku wata ma'ana daban ku faɗa kafin in tura musu.